Ba da Labarin Baƙon Wasa da Hausa: Nazari a kan Karawar Besbol ta Ranar 15 ga Afrilu, 1947

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin fassara ya san cewa akwai fannonin da aka riga aka share wa Hausa hanya a cikinsu, akwai kuma waɗanda har yanzu daji ne. Ƙwallon ƙafa yana cikin na farko. Masu sharhin wasanni a gidajen rediyo sun daɗe da samar mana da bugun kusurwa da bugun tazara da satar gida da bugun daga kai sai mai tsaron gida, har kalmomin sun zauna daram, mai sauraro ba ya ma tuna cewa wani ne ya ƙirƙiro su. Amma da za a ɗauko wasan da Bahaushe bai saba gani ba a ce a ba da labarinsa, a nan ne ake bambance wanda ya iya sarrafa harshe da wanda ya haddace ƙamus.

Wannan ne ya sa na ɗauko wasan besbol, wanda Amurkawa da Japanawa da mutanen Kyuba suke ji da shi kamar yadda muke ji da ƙwallon ƙafa. A nan Nijeriya ba kowa ne ya taɓa ganinsa ba, duk da cewa yana cikin wasannin da aka fafata a Gasar Wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Karawa guda na zaɓa, wadda aka yi ranar Talata, 15 ga Afrilu, 1947, a filin Ebbets da ke unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, tsakanin ƙungiyar Brooklyn Dodgers da ta Boston Braves. A ranar ce Jackie Robinson ya shiga gasar da fararen fata suka keɓe wa kansu fiye da shekara sittin. Zan bayyana yadda wasan yake, in ba da labarin karawar da kalmomin da na ga sun dace, sannan mu dawo mu bi kalmomin da aikatan da aka yi amfani da su. Kalmomin dai shawara ce ta ɗalibi, wanda ya ga waɗanda suka fi su, bismilla.

Yadda Wasan Yake

Filin besbol yana da tashoshi huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i, tsakanin kowace tasha da mai bi mata ƙafa 90 ne, wato kimanin mita 27. Tasha ta huɗu ita ce kuma mafari, ana kiranta gida. A tsakiyar murabba'in akwai ɗan tudu inda majefi yake tsayawa, nisansa da gida ƙafa 60 da inci 6. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa tara. Ɗaya takan bazu a fili tana tsaro, ɗayar kuma 'yan wasanta su riƙa zuwa gida ɗaya bayan ɗaya, kowa da kulkinsa na katako, don su bugi ƙwallon da majefi zai jefo. Girman ƙwallon kamar na lemon zaƙi ne, amma tauri gare shi kamar dutse, shi ya sa masu tsaro suke sa wata ƙatuwar safar hannu ta fata.

Idan mabugi ya sami ƙwallo ya buga shi cikin fili, sai ya yar da kulki ya ruga tasha ta ɗaya. In ya riga ƙwallon isa, ya tsira. In kuwa masu tsaro suka tsinci ƙwallon suka jefa wa mai tsaron tashar kafin ya iso, ko wani ya cafe shi a sama tun bai taɓa ƙasa ba, an fitar da mabugin ke nan. Haka kuma idan majefi ya yi masa sahihin jifa har uku ya kasa bugawa, ya fita. In majefin ne ya yi bauɗaɗɗen jifa har huɗu, mabugi kuma bai kai musu bugu ba, sai a ba shi tasha ta ɗaya kyauta. Wanda ya tsira yakan tsaya a tasharsa ya jira na bayansa ya buga, shi kuma ya ƙara gaba. Duk wanda ya zagaye tashoshin nan ya dawo gida ya sha, ƙungiyarsa ta sami ci ɗaya. Da zarar an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su zo bugu, masu bugu su tafi tsaro. Idan kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya, zango ɗaya ya cika, wasan kuwa zango tara ne. Ba agogo ne yake ƙayyade tsawon wasan besbol ba. Kuma ba a saba tashi kunnen doki ba, in an yi canjaras bayan zango na tara sai a yi ta ƙara zango har wani ya rinjayi wani.

Mutumin da Ake Magana a Kansa

A 1947 babbar gasar besbol ta Amurka ƙungiyoyi 16 ne, an kasa su rukuni biyu, takwas-takwas, kowace kuma tana yin wasa 154 a kaka. Babu wata rubutacciyar doka da ta hana ɗaukar baƙar fata. Masu ƙungiyoyin ne suka haɗa baki a tsakaninsu, aka bar abin a matsayin al'ada. Tun bayan Moses Fleetwood Walker da ɗan'uwansa Weldy, waɗanda suka yi wa ƙungiyar Toledo wasa a 1884, ba a sake barin baƙar fata ya taka wannan matsayi ba. Sai baƙaƙen fata suka kafa nasu gasannin, inda gwanaye irin su Satchel Paige da Josh Gibson suka yi tashe. Sai a 2020 ne hukumar besbol ta Amurka ta amince cewa waɗannan gasanni ma manya ne, a 2024 kuma ta haɗa alƙalumansu da na sauran.

An haifi Jackie Robinson ranar 31 ga Janairu, 1919, a jihar Jojiya, ya tashi a garin Pasadena na Kalifoniya a hannun mahaifiyarsa. Gidansu gidan wasanni ne, domin wansa Mack shi ne ya zo na biyu a bayan Jesse Owens a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Balin a 1936. Shi kuma Jackie a jami'ar UCLA wasa huɗu ya yi wa makarantar, har da ƙwallon kwando da tsalle-tsalle. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya kai muƙamin laftana. A watan Yuli na 1944, a wani barikin soja na jihar Teksas, direban bas ya umarce shi ya koma kujerar baya, ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, kotu ta wanke shi. Mai karatu ya lura cewa wannan ya faru shekara goma sha ɗaya kafin Rosa Parks ta yi irin wannan turjiya a 1955.

Bayan ya bar soja ya yi wa Kansas City Monarchs, ɗaya daga ƙungiyoyin baƙaƙen fata, wasa a 1945. A nan ne Branch Rickey, shugaban Dodgers, ya sa aka nemo shi. Suka gana ranar 28 ga Agusta, 1945. Rickey ya gindaya masa sharaɗi mai wuya, cewa duk zagin da za a yi masa, duk tsokana, ba zai rama ba, domin da ya rama sau ɗaya za a ce ai ga abin da ake faɗa, baƙar fata ba ya zama da mutane, a rufe ƙofar kuma a bayansa. Mutumin da ya ƙi tashi daga kujerar bas aka ce ya haɗiye fushinsa, ya kuwa yarda. Aka tura shi ƙaramar ƙungiyar Dodgers da ke Montreal a ƙasar Kanada, a 1946 ya fi kowa matsakaicin bugun tsira a lissafin gasar da suke ciki. Ko da aka zo atisayen share fagen kakar 1947, wanda Dodgers suka yi a Habana ta ƙasar Kyuba, wasu 'yan wasan ƙungiyar suka fara zagayawa da takardar koke cewa ba za su yi wasa da shi ba. Mai horar da su, Leo Durocher, ya murƙushe maganar. Ranar 10 ga Afrilu aka sanar cewa an ɗauke shi, albashinsa dala 5,000 a shekara.

Labarin Karawar

Mutum 26,623 ne suka shiga filin Ebbets a ranar, an ƙiyasta cewa wajen 14,000 daga cikinsu baƙaƙen fata ne. Filin bai cika ba, dubban kujeru suka kwana babu kowa. A makonnin nan cutar agana ta ɓulla a Niyok, ana ta yi wa miliyoyin mutane rigakafi, wasu marubuta suna ganin hakan ya rage jama'a. Durocher ma ba ya nan, domin kwana shida kafin wasan kwamishinan besbol, Happy Chandler, ya dakatar da shi na tsawon kakar baki ɗaya. Mataimakinsa Clyde Sukeforth ne ya riƙe ƙungiyar, shi ne kuwa mutumin da Rickey ya aika ya zo da Robinson a 1945.

Robinson ya fito da riga mai lamba 42, aka tsayar da shi a tasha ta ɗaya. Ba wurinsa ba ne. A Kansas City tsakanin tasha ta biyu da ta uku yake tsaro, a Montreal kuwa tasha ta biyu, amma a Dodgers waɗannan wurare suna da masu su, Pee Wee Reese da Eddie Stanky. A 'yan makonnin atisaye ya koyi sabon wurin. Joe Hatten ne majefin Dodgers. Mabugin farko na Braves, Dick Culler, ya bugo ƙwallo ya gangaro wajen tasha ta uku, Spider Jorgensen ya tsince shi ya jefo wa Robinson, Robinson ya cafe caraf. Fitar farko ta wasan ke nan, kuma a hannunsa ta ƙare.

Da aka yi musanya, Robinson ne na biyu a layin masu bugu. Majefin Braves, Johnny Sain, ba kanwar lasa ba ne, wasa 20 ya ci a kakar 1946, ya kuma shahara da jifan da ke lanƙwasa a iska. A zango na ɗaya Robinson ya buga ƙwallo ya gangara wajen mai tsaron tasha ta uku, Bob Elliott, aka fitar da shi. A zango na uku ya ɗaga shi sama ɓangaren hagu, aka cafe. A zango na biyar ya zo ya tarar da 'yan ƙungiyarsa biyu a kan tashoshi, dama ta samu. Ya buga da ƙarfi, amma Culler ya tare ƙwallon, suka yi fidda-biyu, wato suka fitar da wanda ke gudu zuwa tasha ta biyu, suka kuma fitar da Robinson a tasha ta ɗaya. Zangon ya mutu a nan. Zuwa uku, fita uku.

Aka shiga rabin ƙarshe na zango na bakwai Braves suna da 3, Dodgers suna da 2. Stanky ya sami tashar kyauta. Robinson ya zo. A irin wannan hali abin da ƙungiya take bukata shi ne a matsar da Stanky tasha ta biyu, ko da mabugin zai fita. Sai Robinson ya gitta kulki ya dunguri ƙwallon, ya gangara a hankali ta gefen tasha ta ɗaya, shi kuma ya zuba a guje. Mai tsaron tashar, Earl Torgeson, ya taho ya ɗauki ƙwallon, ya ga saurin mutumin, ya jefa cikin gaggawa. Ƙwallo ya bugi Robinson ya yi tsalle ya nufi bayan fili. Kafin a tsinto shi Stanky ya kai tasha ta uku, Robinson ya kai ta biyu. Sai Pete Reiser ya zo ya yi bugun tasha biyu, Stanky ya sha, Robinson ya biyo shi ya sha, wasa ya koma 4 da 3. Shi ma Reiser daga baya ya sha. Aka tashi Dodgers suna da 5, Braves suna da 3. A zango na tara an sa Howie Schultz a madadin Robinson don ƙarfafa tsaro.

A takardar alƙaluma Robinson bai yi bugun tsira ko ɗaya ba a ranar, domin isarsa tasha a zango na bakwai kuskuren Torgeson aka rubuta. Amma shan da ya yi shi ne ya sa ƙungiyarsa gaba, ba ta kuma sake komawa baya ba. Manyan jaridun Niyok sun fi ba da ƙarfi ga bajintar Reiser da rashin Durocher. Jaridun baƙaƙen fata, irin su Pittsburgh Courier wadda wakilinta Wendell Smith yake tafiya tare da Robinson, su ne suka ɗauki abin da nauyinsa.

Kalmomin da Aka Zaɓa

Sunan wasan shi ne matsala ta farko. Akan ji ana cewa ƙwallon gora, to amma wannan suna ana kiran wasa fiye da ɗaya da shi, duk wanda ake buga ƙwallo da sanda. Ƙwallon kulki zai yi, sai dai ba wanda zai gane shi ba tare da bayani ba. Na ga ya fi sauƙi a ari sunan a Hausantar da shi, kamar yadda aka yi wa kurket da tanis.

Don sunayen 'yan wasa na yi amfani da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, wanda ya ba mu manomi da maɗinki da marubuci. Daga jefa muka sami majefi, daga buga muka sami mabugi, kunne kuma bai ƙi su ba. Amma ƙa'idar ba ta tafiya ko'ina. Daga gudu za a sami maguji, wanda ma'anarsa mai tserewa ne, ba ɗan tsere ba, dole a koma ga mai gudu. Wannan darasi ne a gare mu masu koyon Hausa a aji: tsarin ƙirar kalma yana iya halatta abu, amma wata ma'ana ta riga ta zauna a kujerar.

Tasha kalmar aro ce da ta daɗe da zama 'yar gida, kuma ta dace domin wuri ne da ake tsayawa kafin a ci gaba. Zango ma daga harshen matafiya yake. Sha kuwa daga wasannin gargajiya na ɗauko shi. A wasan langa, idan ɗan wasan da ake karewa ya kuɓuce wa abokan hamayya ya kai wurin da aka ayyana, cewa ake ya sha. Abin da mai gudu yake yi a besbol ke nan, ya tsere wa masu tsaro ya kai gida. A ganina wannan ita ce hanya mafi daɗi ta samar da kalma, a duba cikin rumbun harshen kafin a tafi aro. Bugun da ya tsallake katangar fili, wanda mai shi yake zagaye tashoshi duka babu mai tare shi, na kira shi bugun daga nan sai gida, a bisa ƙirar bugun daga kai sai mai tsaron gida. Fidda-biyu kuwa harɗaɗɗen suna ne irin su hana-salla da gai-da-yaya.

Kalmomi biyu ne suka fi ba da wahala. Ta farko ita ce ta fita. A wasannin yara da dama, wanda aka kama akan ce ya mutu, kuma da an bi wannan sai a ce an kashe mabugi. A wani labarin babu laifi. Amma a labarin mutumin da aka riƙa aiko wa da wasiƙun barazanar kisa, jimlar "an kashe Robinson a tasha ta ɗaya" ba ta faɗuwa. Kora ma ba ta yi ba, don mai sauraron Hausa da ya ji an kori ɗan wasa jan kati zai tuna, wato hukunci, alhali a besbol fita abu ne da yake samun kowa sau da yawa a wasa guda. Shi ya sa na tsaya a kan fitarwa, ko da yake ba ta da armashi.

Ta biyu ita ce sata. A besbol mai gudu yana iya fakar idon majefi ya ruga tasha ta gaba tun ba a buga ƙwallo ba, Amurkawa kuma sata suke kiran wannan. Gwaninta ce, ana tafa wa mai yin ta, Robinson kuwa ya fi kowa a rukuninsu a 1947 da guda 29. Har gida yakan sata, wato ya taso daga tasha ta uku ya sha a gaban idon majefi. To a Hausar ƙwallon ƙafa satar gida laifi ne, alƙali busa yake yi. Idan mai fassara ya rubuta cewa Robinson ya shahara da satar gida, mai karatu zai ɗauka ɗan wasa ne marar kiyaye doka, yabo ya koma zargi. Satar tasha ba ta da wannan matsala. Ta gida ce take bukatar wata kalma, ni dai shan bazata na ga ya fi kusa.

Aikatau da Lokuta

F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa giredi bakwai a 1960, kuma labarin wasa wuri ne mai kyau na ganin amfanin rabon. A ɗauki saiwar jef-. Majefi ya jefa ƙwallo, giredi na 1. Jorgensen ya jefo wa Robinson, giredi na 6, domin idon mai ba da labari yana wurin Robinson, ƙwallon kuma wajensa ya nufo. Wanda ya jefar da ƙwallo, giredi na 5, ya rabu da shi ne ko ya yi asararsa. Wanda kuma ya jefi mutum, giredi na 2, mutumin ya auna.

Bambancin giredi na 1 da na 2 a nan ba ƙaramin abu ba ne. A zango na bakwai na rubuta cewa Torgeson ya jefa ƙwallo, ƙwallo ya bugi Robinson. Da na ce Torgeson ya jefi Robinson da ƙwallo, da na ɗora masa niyyar da ba shi da ita, domin tasha ya nufa. Amma a sauran kakar akwai majefan da suka riƙa auna jikinsa da kansa, sau 9 ƙwallon majefi ya same shi a shekarar. A watan Agusta kuma Enos Slaughter na ƙungiyar Cardinals ya taka masa ƙafa da takalmi mai ƙusoshi, har yau ana gardama ko da gangan ne. A irin waɗannan wurare wasali ɗaya a ƙarshen aikatau yana yanke wa mutum hukunci, don haka mai fassara ya san abin da ya tabbata kafin ya zaɓi giredi.

Sai maganar lokuta. Mai karatu ya koma sashen dokokin wasa zai ga lokaci sabau da lokaci umartau ne suka cika shi: takan bazu, yakan tsaya, sai a yi musanya, su zo bugu. Dalili kuwa ana faɗin abin da aka saba yi ne. Sashen labarin karawa kuwa shuɗaɗɗen lokaci na biyu ne ya ɗauke shi: aka tsayar, suka yi, aka shiga, aka tashi. Shi ne lokacin da yake jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya. Shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya yana zuwa ne idan ana ba da sakamako ko ana tsayawa a yi sharhi, alal misali "Dodgers sun ci Braves 5 da 3", ko "manyan jaridun Niyok sun fi ba da ƙarfi ga bajintar Reiser". Da an ƙarfafa wani yanki na jimla kuma sai na biyun ya dawo: "Dodgers ne suka ci."

Inda mu da Hausa ba harshenmu na farko ba ne muke shan wuya shi ne wajen ya. A rubutu kalma ɗaya ce, a baki kuwa uku ce. Akwai mai dogon wasali ta shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, akwai mai gajeren wasali da karin sama ta na biyu, akwai mai gajeren wasali da karin ƙasa ta umartau. Tunda daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali da karin sauti, mai karanta labari a bainar jama'a yana iya cakuɗa su. Dabarar da nake bi ita ce in mayar da jimlar jam'i a zuciyata. "In ya riga ƙwallon isa, ya tsira" za ta koma "in sun riga ƙwallon isa, sun tsira", ke nan dogon wasali ne. "Sai Robinson ya gitta kulki ya dunguri ƙwallon" za ta koma "sai suka gitta, suka dunguri", ke nan gajere ne mai karin sama. "Sai ya yar da kulki ya ruga" ta sashen dokoki kuwa "sai su yar, su ruga" za ta ba mu, wato umartau. Jam'i ba ya ɓoye abin da tilo ya ɓoye.

Akwai kuma ɗan abin lura game da jinsi. Baƙar fata siffa ce ta mace da sunan mace, amma idan ta zama sunan mutum sai jinsin mutumin ya yi aiki: Robinson baƙar fata ne, Rosa Parks baƙar fata ce. Ƙwallo kuma na ɗauke shi namiji daga farko har ƙarshe, bisa ga ƙwallon ƙafa, ko da yake a rediyo akan ji "ƙwallon ta shiga raga". Duk wanda aka zaɓa a riƙe shi, kada a fara da ya a ƙare da ta a sakin layi guda.

Abin da Ya Biyo Baya

Ranar buɗe kaka ta wuce lami lafiya, wahalar a gaba take. Mako guda bayan nan Philadelphia Phillies suka zo Ebbets, mai horar da su Ben Chapman ya jagoranci 'yan wasansa suka yi ta yi wa Robinson zagin wariyar launin fata daga mazauninsu. Bai tanka ba. Ya ƙare kakar da bugun tsira 175 a wasa 151, ya sha sau 125, aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, wadda a shekarar aka fara bayar da ita. Dodgers suka zo na ɗaya a rukuninsu, amma New York Yankees suka doke su a karawar ƙarshe, wasa 4 da 3. Ranar 5 ga Yuli na shekarar Larry Doby ya fara yi wa Cleveland wasa a ɗaya rukunin. Duk da haka sai a 1959 ne ƙungiya ta ƙarshe, Boston Red Sox, ta sa baƙar fata a fili. Robinson ya rasu a 1972 yana da shekara 53. A 1997 aka jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyin gasar, ba a sake ba wani sabon ɗan wasa ita, kuma tun 2009 kowane ɗan wasa ita yake sawa ranar 15 ga Afrilu. Filin Ebbets kuwa an rushe shi a 1960, bayan Dodgers sun ƙaura zuwa Kalifoniya, gidajen haya ne a wurin yanzu.

Ga wanda yake son ya gwada hannunsa, ga kayan aiki. Ranar 18 ga Afrilu, 1947, Dodgers suka je filin Polo Grounds suka kara da New York Giants. Wasan farko ke nan da Burt Shotton ya jagorance su a matsayin mai horarwa. Dave Koslo ne majefin Giants. Robinson ya yi bugun daga nan sai gida na farko a gasar, amma Giants ne suka ci wasan. A rubuta wannan sau biyu: sau ɗaya a matsayin labarin jarida na jimla biyar, sau ɗaya kuma a bakin mai sharhi na rediyo da yake kallon abin yana faruwa, da lokaci mai ci da amsa-kama. A ja layi a ƙarƙashin kowace ya, a rubuta jam'inta a gefe.